Henri Rousseau: Mai Zanen da Ba Shi da Malami

A cikin masu zanen sura na ƙasar Faransa, da wuya a sami wanda aka yi wa dariya a zamaninsa kamar Henri Rousseau, wanda Faransawa ke faɗin sunansa Anri Ruso, kuma kaɗan ne waɗanda aka ɗaukaka bayan ransu kamar yadda aka ɗaukaka shi. Masu dariyar sun ce yaro ne mai furfura, bai san ka'idar zane ba. Masu yabon kuwa, da suka zo daga baya, ba su musa wannan magana ba, juya ta kurum suka yi: suka ce ai rashin sanin nan shi ne darajarsa, domin makaranta ba ta ɓata masa ido ba. In an duba da kyau, ɓangarorin nan biyu abu guda su ke faɗi, watau in aikinsa ya yi kyau, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Abin da a ke so a nuna a wannan takarda shi ne, maganar ba haka ta ke ba. Ruso ya koya wa kansa zane, gaskiya ne, amma ya koya ne da naci, da kuma dabarun da ya ƙago domin ya cike abin da malami bai ba shi ba. Dabarun nan su ne suka ɗaga shi a wani fanni, su ne kuma suka kayar da shi a wani.

An haife shi a garin Laval, yamma da birnin Faris, a shekarar 1844. Ubansa maƙerin fari ne, mai aikin kwano da gwangwani, kuma bashi ya ci gidansu tun Ruso yana yaro. A makaranta bai yi fice ba, sai dai ya sami kyauta a zane da kiɗa. Ya shiga soja a 1863, ya koma Faris da zama a 1868, sa'an nan a 1871 ya sami aikin da ya riƙe har shekara 22, watau karɓar kuɗin ƙofa a kan kayan da a ke shigowa da su birni. Daga nan laƙabinsa ya samo asali, Le Douanier, watau Ɗan Kwastan, ko da ya ke ƙaramin ma'aikaci ne mai tsaron ƙofa, bai kai ɗan kwastan na sosai ba. Bai kama zane gadan-gadan ba sai da ya kusa shekara arba'in. A 1893 ya ajiye aiki yana da shekara 49, ya zauna da ɗan fansho wanda ba ya isarsa, yana cikawa da koya wa 'ya'yan unguwa zane da gogen Turawa.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, Ruso bai tashi da nufin karya ka'ida ba. Burinsa ya zama kamar manyan masu zanen hukuma, irin su Gérôme da Bouguereau, waɗanda su ke goge aikinsu sumul har ba a ganin sawun buroshi, su ke kuma samun lambar girma da aikin gwamnati. Shi da kansa ya ce ba shi da malami sai halitta, in ban da 'yar shawarar da ya samu daga Gérôme da Félix Clément. A 1884 ya sami izinin shiga gidan ajiye zane na Louvre domin ya kwaikwayi aikin magabata. Amma babban nunin hukuma yana da alƙalai masu tace abin da za a rataya, kuma irin aikinsa ba ya wuce hannunsu. Abin da ya cece shi shi ne Nunin Masu Zaman Kansu, wanda aka kafa a 1884, inda babu alƙali, babu kyauta, kowa ya biya kuɗinsa ya rataya abin da ya kawo. Daga 1886 har rasuwarsa kusan kowace shekara yana can. Jama'a su kan taru gaban aikinsa su yi ta ƙyaƙyatawa, shi kuwa ya yanko abin da jaridu suka rubuta, zagi da yabo, ya manna a littafi ya ajiye. An ruwaito cewa da ya ga zane-zanen Cézanne, waɗanda samarin zamanin su ke ɗauka alƙibla, cewa ya yi da za a ba shi da ya ƙarasa su. Wannan magana, ko da ta ba da dariya, ta bayyana mudun da ya ke awo da shi: a wurinsa aikin da ba a goge shi ya kammala ba, bai zama aiki ba tukuna.

Akwai shaida mai ƙarfi a kan cewa zaɓi ne ya yi. Ruso ya kan fita bayan gari da ɗan ƙaramin allo, ya yi gwaji da fentin mai a tsaye, kuma wasu daga cikin gwaje-gwajen nan sun tsira. Wanda ya gan su ba zai ce hannu ɗaya ne ba. Buroshi yana gudu sake, itatuwa sun zama dunƙule-dunƙulen launi, hazo ya lulluɓe abin da ke nesa, kamar dai aikin 'yan zamaninsa. In ya koma ɗaki, sai ya sāke abin daga tushe a babban ƙyalle: ya fitar da kowane gida da iyakarsa, kowace bishiya da rassanta, kowace wayar tangarahu a miƙe. Zanensa na unguwar Malakoff, na 1908, yana da gwajin da kuma kammalallen, kuma duk mai cewa Ruso bai iya ganin haske da iska ba, sai ya jera su biyun ya duba.

Sauran dabarunsa ma sanannu ne. Abin da bai iya zanawa da ka ba, ya kan nemo shi a hoto: hotunan jarida, katin gidan waya, da wani littafin hotunan namun daji mai suna Bêtes sauvages, wanda kantin Galeries Lafayette ya buga. Masana da yawa suna ganin ya yi amfani da fantogiraf, watau wasu sanduna masu gaɓa waɗanda in aka bi layin ƙaramin hoto da baki ɗaya, ɗaya bakin ya fitar da shi da girma. Wajen ganye kuwa, makarantarsa ita ce lambun gwamnati na Jardin des Plantes, inda a ke renon tsire-tsiren ƙasashen zafi a ɗakunan gilashi, a ke kuma tsare da namun daji a keji. Ardengo Soffici, wani mai zane Ba'italiye da ya ziyarce shi a ƙarshen rayuwarsa, ya bayyana yadda ya gan shi yana aiki. Da fari ya kan zana iyakar kowane abu da fensir. Sa'an nan ya haɗa launi guda, ya bi ƙyallen duka yana sa shi ko'ina ya dace, in ya gama ya share allon haɗin, ya haɗa na biye. A ranar da Soffici ya same shi, ya ce masa yana kan kore na 22. Mai lissafa tsanwa da algashi da kore shar da kore mai duhu, sunaye za su ƙare masa tun bai kai rabi ba. Wannan aiki ya fi kama da na maɗinkin riga mai cika aska zare bayan zare, ba na mutumin da ilhami ya faɗo wa ba.

To, hanyar nan tana da sharaɗi guda, shi ne ta ɗauki kowane abu shi kaɗai, a shimfiɗe, yana fuskantar mai kallo. A nan rauninta ya ke, kuma ba a taimaki Ruso ba in aka ɓoye shi. Malaman zane na Turai suna koyar da abu biyu tun farko: ka'idar nisa da kusa, wadda ta ke sa abin da ke nesa ya ƙanƙance bisa lissafi, da sanin ƙirar jiki, yadda ƙashi ke ɗauke da nama, yadda nauyi ke sauka a kan ƙafa. Ruso bai mallaki ko ɗaya daga cikinsu ba har ya mutu. Mutanensa ba sa taka ƙasa. Sau da yawa ya kan ɓoye ƙafafunsu cikin ciyawa, in kuwa ya bar su a fili, sai a ga kamar an rataye mutum da zare. A zanen da ya yi wa kansa a 1890, wanda ke birnin Prague, ya tsaya cikin baƙaƙen kaya da allon haɗa launi a hannu, ya ninka masu yawo a bakin kogi sau da yawa a tsayi, takalmansa kuwa ba su zauna daram a kan hanya ba. A zanen sojojin igwa, fuska ɗaya ce da gashin baki ɗaya ya raba wa kowa.

Labarin zanen Apollinaire ya fi komai bayyana inda gizo ke saƙa. Sa'ad da Ruso zai zana wannan mawaƙi tare da Marie Laurencin a 1909, sai ya ɗauko magwaji kamar tela, ya auna hancinsa da bakinsa da kunnuwansa da goshinsa, ya mayar da awon a kan ƙyalle. Kowace gaɓa ta yi daidai, amma fuskar ba ta yi kama da mai ita ba, har jaridu suka yi ta ba'a. Dalili kuwa shi ne, kamannin mutum ba a tsawon hanci ya ke ba, yana cikin yadda gaɓoɓi ke komawa baya suna lanƙwasa, kuma magwaji ba ya auna wannan. Abin mamaki, da ya gane ya yi kuskure wajen irin furen da ya jera a gaban mutanen biyu, sai ya sāke zanen gaba ɗaya domin ya gyara furen. Shi ya sa a ke da guda biyu, ɗaya a Mosko, ɗaya a Basel. Furen ya dame shi, fuskar ba ta dame shi ba.

Amma abin da ya zama cikas ga fuska, ga ganye alheri ne. Ganye dama a shimfiɗe ya ke, yana da iyaka bayyananna, kuma kurmi ba ya bukatar ka'idar nisa da kusa, domin ido ba ya wuce taki kaɗan a cikinsa. Zurfin kurmi jeri ne bayan jeri, wannan ganye ya rufe rabin wancan, kuma wannan shi ne abin da hanyar Ruso ta fi iyawa. Zanensa na farko na kurmi ya fito a 1891, yana Landan yanzu. Damisar Asiya ce mai ratsi-ratsi ta maƙe cikin doguwar ciyawa, hadari ya taso, walƙiya ta keta sama. Komai na cikinsa ya karkata gefe guda, rassa da ciyawa da bayan damisar, sa'an nan ya bi fuskar zanen duka da siraran layuka masu ruwan azurfa a karkace, su ne ruwan sama. Damisar kanta ba ta tsaya a kan komai ba, kamar an yanko ta an ɗora a kan ciyawa, amma a nan laifin ya ɓace, domin iska ta riga ta ɗauke komai daga ƙasa. Félix Vallotton, wani saurayin mai zane, shi ne ya fara rubuta magana ta hankali a kansa, ya ce farkon zane da ƙarshensa suna cikin wannan aiki. Duk da haka Ruso bai koma wa kurmi sosai ba sai wajen 1904, kuma yawancin zane-zanensa na kurmi, waɗanda suka haura ashirin, a shekara shida ko bakwai na ƙarshen ransa ya yi su.

Ba dukansu ne suka kai na farkon ba. Wanda aka fi ambata shi ne na zaki mai yunwa ya faɗa wa barewa, mai faɗin mita uku, wanda aka rataya a Nunin Kaka na 1905 kusa da aikin Matisse da abokansa. Ganyayensa sun kai matuƙa, da jar rana tana faɗuwa a tsakiya, da mujiya a reshe riƙe da tsokar nama. Amma zakin da barewar ba su da rai, kuma akwai dalili: Ruso ya ɗauko su ne daga wasu namun da aka cusa wa auduga aka ajiye a gidan nazarin halittu na Faris. Ya kwaikwayi gawa da aminci, gawa ta fito. Inda ya dogara ga idonsa da haƙurinsa ya yi nasara, inda ya jingina ga aro sai rigar aron ta ƙi rufe kafaɗa.

Ya kamata kuma a faɗi ko wane irin kurmi ne wannan. An daɗe ana baza labari, kuma shi bai hana ba, cewa ya je Meziko da rundunar Faransa, can ya ga abin da ya ke zanawa. Bincike ya tabbatar bai taɓa fita Faransa ba. Maharbin da ya san dawa, kallo ɗaya zai yi ya gane, domin zaki naman fili ne, ba ya zama a irin wannan duhuwa. Tsire-tsiren ma yawancinsu na tukunya ne, ya kumbura su suka zama bishiyoyi, kuma a zanen faɗan damisa da ɓauna na 1908 ayabarsa a kife ta ke nuna. Wannan ba ya rage darajar aikin, amma yana nuna asalinsa. Kurmin mutanen Faris ne, wanda suka haɗa daga keji da ɗakin gilashi da babban baje kolin 1889 da hotunan jaridu, a daidai shekarun da sojojin Faransa ke cin ƙasashen Afirka ta Yamma; Tambutu ta faɗa hannunsu a 1894, Damagaram a 1899. Shi ya sa baƙin mutum a kurmin Ruso ba shi da fuska. A zanen mai busa wa macizai sarewa, na 1907, matar inuwa ce baƙa ƙirin, idanu kaɗai ke haske. Ta fuskar tsari, baƙin nan shi ke riƙe da zanen duka, kuma ƙwararru sun daɗe suna yabon yadda Ruso ke sarrafa baƙin launi. Ta fuskar ma'ana kuwa, mutumin da ya auna hancin Apollinaire bai ga bukatar ba wannan mata hanci ba.

Aikin da ya fi kowane tsira daga wannan zargi, kuma mai yiwuwa shi ne mafi kyau a duk abin da ya bari, ba na kurmi ba ne. Shi ne na matafiyiya mai barci, na 1897, wanda ke birnin New York. Baƙar mace ce ta kwanta a kan rairayi cikin riga mai ratsin launi iri-iri, sanda a hannunta, ga abin kiɗanta mai tsirkiya a gefe, ga tulun ruwa. Zaki ya tsaya a kanta yana sansana, wutsiya a miƙe, farin wata ya cika. A nan babu ganye ko ɗaya da zai ɓoye masa rauni, amma duk raunin ya koma ƙarfi. Matar ba ta nutse cikin rairayi ba, zakin bai bar sawu ba, idonsa kamar na gilashi, kowane abu ya tsaya shi kaɗai cikin haske mai tsabta. Malamin makaranta zai ce kuskure ne, alhali kuwa haka abubuwa su ke bayyana a mafarki: a fili ƙwarai, amma ba su taɓa juna. Ratsin rigar ya amsa tsirkiyar abin kiɗan, ya amsa gezar zakin, kuma wannan amsa-amo ba ya zuwa da sa'a. Ruso ya rubuta wa magajin garin Laval yana tayin sayar masa da shi da rahusa, ba a karɓa ba.

Yabon da ya samu a ƙarshe yana da ƙaya a ciki. A 1908 Pikaso ya tsinci wani babban zanensa na wata mata a wurin dillalin tarkace, ya saya faran biyar, ya riƙe shi har mutuwarsa. A shekarar nan ya shirya masa walima a ɗakin aikinsa, rabi girmamawa rabi wasa, aka zaunar da tsohon a kujera bisa akwati kamar sarki. An ce Ruso ya gaya masa su biyu ne manyan masu zane na zamani, Pikaso a salon Masar, shi a salon yau. Samarin nan sun ga a aikinsa abin da su ke nema, watau hanyar kuɓuta daga ka'idar nisa da kusa, amma sun fi son su ɗauke shi waliyyin da bai san abin da ya ke yi ba. Kotu ma haka ta ɗauke shi. Da wani tsohon almajirinsa ya jefa shi cikin zambar banki, aka tsare shi a ƙarshen 1907, lauyansa ya ɗaga zanensa a gaban alƙalai a matsayin shaidar wautarsa, kuma a 1909 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka. Wautar da ta fid da shi daga kurkuku ita ce ta bi sunansa har cikin littattafan nazari.

Malaman da ke horon masu koyar da zane su kan gamu da wannan matsala a aji, sa'ad da ɗalibi ya zo da hannun da ya riga ya ƙago wa kansa. Masu cewa a bar shi kada a taɓa, su kan kafa hujja da Ruso. Hujjar ba ta tsaya ba, domin shi Ruso ya nemi koyo ko'ina ya samu, a Louvre, a lambu, a jarida, ya kuma yi shekara ashirin da biyar yana gyara hannunsa. Tsakanin aikinsa na 1886 da na 1910 ƙirar jiki ba ta ci gaba ba, amma launi da tsari sun yi nisa ƙwarai.

Ana ganin wannan a babban zanensa na ƙarshe, Mafarki, wanda ya nuna a farkon 1910. Mace ce kishingiɗe a doguwar kujerar falo a tsakiyar kurmi, ga zakuna biyu sun zaro ido daga cikin ciyawa, ga giwa a ɓoye bayan rassa, ga mai busa sarewa, ga maciji yana sulalewa. Da aka tambaye shi me ya kai kujera daji, ya amsa cewa matar barci ta ke yi a ɗakinta, mafarki ne ya kai ta can. Hannunta da ta miƙa har yanzu sandararre ne, kamar na shekara ashirin da suka wuce. Amma ganyayen, ko da sun yi dubu, babu wanda ya shige wa wani, kuma ido yana tafiya daga farin jikinta zuwa manyan furanni masu shuɗi da ja-ja, zuwa lemun da ke rataye a sama, zuwa farin wata, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Dillalin zane Ambroise Vollard ya saye shi, kuma a wannan karo Apollinaire ya rubuta cewa ba ya tsammanin wani zai yi dariya. A watan Satumba na shekarar nan Ruso ya rasu a asibitin Necker, sanadin wani miki a ƙafa da ya ruɓe, yana da shekara 66. Mutum bakwai ne suka raka gawarsa.